Sabar Minecraft a gida kan Raspberry Pi: na Makka sun kasa shiga, ina neman shawara

Baban Amira (Jidda):
Assalamu alaikum jama'a. Maganata ta yau ta ɗan fita daga abin da aka saba kawowa nan, ku yi haƙuri da ni. Yarana uku sun nutse a wasan Minecraft, wannan da ake gini da tubala. Na zauna na kalla ban ga aibu ba, gini ne da noma da haƙar ma'adinai. Abin da ya tayar min da hankali shi ne ranar da na tsaya a bayan babban, ɗan shekara 11, na tarar yana cikin wata sabar jama'a, wato kwamfutar da 'yan wasa ke haɗuwa a kanta ta intanet, wani da ba mu san ko wane ne ba yana tambayarsa shekarunsa da unguwar da yake zaune. Daren nan ban yi barcin kirki ba. Na hana shiga sabar waje, amma na san hani kaɗai ba ya riƙe yaro.

Shi ne na yanke shawarar kafa tamu a gida, wadda ba mai shiga sai su da 'ya'yan ƙanwata da ke Makka da 'ya'yan yayana da ke Kano. Na sayi Raspberry Pi 5, wata 'yar ƙaramar kwamfuta, mai RAM giga 8, na sa mata Raspberry Pi OS, na ɗora sabar da na sauke daga shafin Mojang. Matsala uku gare ni. Babban yana shiga daga laftof, amma ƙananan biyu masu iPad ko ganin sabar ba sa yi. Na Makka sun kasa shiga gaba ɗaya, duk da na buɗe ƙofa 25565, wadda ake shiga sabar ta cikinta, a rauta, wato akwatin intanet ɗin gida. Sannan da yaron ya yi nisa cikin daji sai wasan ya riƙa sarƙewa, ya fasa dutse dutsen ya dawo. A ina na kuskure?

Abu Yasir (Makka):
Wa alaikumus salam. Ina nan ina saurare, ni ma na sha wannan wahalar. Amma bari Injiniya ya fara.

Injiniya (Riyad):
Wa alaikumus salam Baban Amira. Kafin komai, intanet ɗin gidanka faiba ce da aka ja waya har cikin shugga, wato sashenka na bene, ko akwatin nan na 5G mai layin waya a ciki?

Baban Amira (Jidda):
Akwatin 5G ne, Injiniya. Imarar da muke ba a ja mata faiba ba.

Injiniya (Riyad):
To na gane. Da wuya a ce laifin daga wajenka ne. Shiga shafin rautarka ka duba lambar da kamfani ya ba ta ta waje, sannan ka buɗe kowane shafi da ke nuna maka lambarka ta intanet. In lambobin biyu sun bambanta, musamman in ta rautar ta fara da 100.64 har zuwa 100.127, to kana bayan abin da ake kira CGNAT. Lambobin IPv4 sun yi ƙaranci a duniya, shi ya sa kamfanoni ke haɗa gidaje masu yawa a kan lamba ɗaya. Ka ɗauka imara ce, wato bene mai gidaje da yawa, mai ƙofa ɗaya da harisi, wato mai gadi, a bakinta. Kai in ka fita ka dawo ya san ka, zai bar ka ka wuce. Amma baƙon da ya zo da lambar imarar kawai, ba sunan mai gida ba lambar shugga, harisi bai san inda zai tura shi ba, sai ya mayar da shi. Ƙofar da ka buɗe ta shuggarka ce, ta imarar tana hannun kamfani. Ko sau ɗari ka buɗe 25565 ba wanda zai iso.

Mafita biyu nake bai wa mutane. Ta farko Tailscale. Ka sa shi a Pi ɗin, kowane gida da zai shiga ya sa shi a wayarsa ko kwamfutarsa, sai ya haɗa ku ta ɓoyayyiyar hanya kamar kuna ɗaki ɗaya. A kan WireGuard aka gina shi, yana aiki a Android da iPad da Windows, kuma amfanin iyali kyauta ne. Ta biyu playit.gg, wanda zai ba ka adireshi na waje da ke kawo mutane har cikin Pi ɗin ba tare da sun sa komai a wayoyinsu ba. Ya fi sauƙi, sai dai duk wanda ya sami adireshin zai iya zuwa bakin ƙofa. Tunda dalilinka na farko shi ne rufe ƙofa ga baƙi, Tailscale ne naka. Kada ka ba 'yan uwa kalmar sirrinka. Kowa ya buɗe nasa asusun, kai kuma ka raba musu na'ura ɗaya tak, wato Pi ɗin, don kada su riƙa ganin sauran na'urorin gidanka.

Maganar iPad daban ce. Minecraft iri biyu ne: Java na kwamfuta, da Bedrock na waya da iPad da su PlayStation. Ba yare ɗaya suke ji ba. Wanda ka ɗora na Java ne, shi ya sa ƙananan ba sa ganinsa. Sabar Bedrock ta Mojang kuwa ba a yi ta don furosesar ARM da ke cikin Pi ba. Abin yi shi ne ka cire wadda ka sa ka ɗora Paper, wata sabar Java mai karɓar ƙare-ƙare, a madadinta, sannan ka ƙara mata Geyser da Floodgate. Geyser shi ne tafinta tsakanin biyun, yana sauraro a ƙofa 19132. Floodgate kuma shi ke bai wa mai iPad damar shiga da asusunsa na Microsoft ba sai an sake saya masa na Java ba.

Ɗalibi (Madina):
Allah ya ƙara ilimi Injiniya. Amma da izininku, ni a ganina tun farko ba Pi ya kamata a saya ba. Mutane suna ganin farashin allon kaɗai su ce arha ne. Sai ka sayi caja, ka sayi fanka, ka sayi gidanta, ka sayi ma'ajiyar SSD. Kafin ka gama ka kai kuɗin tsohuwar ƙaramar kwamfutar ofis, irin Dell OptiPlex ko Lenovo ThinkCentre, waɗanda ke zube a Haraj, kasuwar kayan hannu. Ita tana zuwa da komai nata, kuma sabar Bedrock ta asali tana hawa kanta kai tsaye, ba tafinta ba komai. Yawancin yaran nan a waya suke wasa. Me ya sa za a zagaya?

Injiniya (Riyad):
Gaskiyarka ƙanena, wanda bai riga ya saya ba kuma yaransa duk masu waya ne, shawarar da zan ba shi ke nan. Amma shi ya riga ya saya, kuma abin da ya saya ya isa. Sannan ko a kan OptiPlex ɗin ni Paper zan ɗora, saboda ƙare-ƙaren da ake iya yi mata. Misali akwai CoreProtect, mai rubuta wanda ya ajiye kowane tubali da wanda ya fasa shi. Duk wanda ya tara yara shida a duniya ɗaya ya san ranar da ɗaya zai zo da kuka an rushe masa gida tana nan tafe. Da wannan za ka ga wanda ya yi, ka kuma mayar da ginin yadda yake.

Ɗalibi (Madina):
Na yarda da wannan. Amma har yanzu ina ganin furosesar Pi za ta gaji in sun kai shida suna yawo.

Kawu (Makka):
Salamu alaikum. Na karanta duka, ban fahimci rabin kalmominku ba, amma na fahimci abu ɗaya. Uba zai kashe kuɗinsa da darensa ya gina wa 'ya'yansa wurin wasa a cikin gida. Mu da muka taso a Shari' Mansur, bayan Magariba allo ne, bayan Isha barci. Yanzu yaro ya dawo daga madarasa ya kama gilashi har dare, haddarsa tana zubewa, a kira salla yana cewa bari in gama. Maimakon a rage, sai a ƙara masa 'yan uwansa su taya shi? Ɗana Baban Amira, ba faɗa nake maka ba, tambaya nake. Ina tsoron ka buɗe abin da ba za ka iya rufewa ba.

Baban Amira (Jidda):
Allah ya ƙara girma Kawu. Maganarku tana kan hanya, kuma ni ma ta dame ni kafin in sayi abin. Abin da na gani shi ne wasan ya riga ya shigo gidana, ban kuma iya fitar da shi ba, don a madarasa duk hirar abokansu ke nan. Zaɓin da ya rage min shi ne ko su yi a gidan wasu da ban sani ba, ko su yi a inda makulli ke hannuna.

Maman Sadik (Jidda):
Kawu barka da dare, a yi min afuwa in sa baki, don mu iyaye mata mu ne ke wuni da su. Rigimar karɓe iPad daga hannun yaro ba wanda ya san ta kamar uwa. Kullum kai ne mugu. Maigidana ya kafa irin wannan sabar bara, kuma abin da ya fi yi min amfani shi ne ya sa mata lokaci. Ba ta buɗewa sai ranakun da muka yarda, kuma saura minti goma a kira salla take sanarwa a cikin wasan, sannan ta rufe kanta. Ba wanda zai yi wa magiya. Sabar waje kuwa ba ta barci, ƙarfe uku na dare ma akwai mutane a ciki.

Akwai kuma abin da ban zata ba. 'Ya'yana a nan aka haife su, in na yi musu Hausa da Larabci suke amsa min. In an kira gida a ba su waya su gaida kakarsu, daga "ina wuni" sai shiru. Amma da suka fara wasa da 'ya'yan ƙanena na Zariya, waɗanda ba sa jin Larabci, dole ta sa bakinsu ya buɗe. Suna kiran juna a waya su ajiye ta a gefe suna gini. Ranar nan ina kicin na ji Sadik yana tambayar ɗan uwansa mene ne zaure, don wancan ya ce ba a gina gida ba zaure. Ya yi masa bayani, suka gina shi, har da dakalin zama a waje. Na tsaya da ludayi a hannu ina saurare, wallahi sai da idona ya ciko. Shekara nawa ina fama a kan harshen nan.

Kawu (Makka):
To 'yata, wannan magana ce. In har tana rufe kanta lokacin salla, kuma ba baƙo a ciki, na sassauta. Amma a sa ido a kan hadda. Ranar da aka ga ta ja baya a kashe abin mako guda.

Maman Sadik (Jidda):
In sha Allahu Kawu. Haka ma muke yi.

Abu Yasir (Makka):
Bari in kawo tawa, don kada wani ya faɗa ramin da na faɗa. Tawa Pi 4 ce, kuma a kan katin memori na ɗora komai. Wata shida yara suna gini, sun yi gari guda, har da masallaci mai hasumiya biyu da 'yata ta kwashe sati uku tana yi. Lokacin hutun zafi muka tafi Ɗa'if kwana huɗu, na kashe mukayyif, wato na'urar sanyaya ɗaki, na bar Pi ɗin a kunne a saman kabad don na Jidda su ci gaba da shiga. Kun san Makka a watan Yuli, waje yana haura digiri 45, ɗaki a rufe kuwa tanda ne. Da muka dawo na ga ba ta amsawa, sai na zare waya na mayar. Ba ta sake tashi ba. Katin ya lalace, kuma ba ni da kwafi ko ɗaya. Yarinyar nan kwana biyu ba ta yi min magana ba, kuma tana da gaskiya, amanar aikinta aka ba ni.

Abin da na koya: sabar Minecraft ba ta daina rubutu a kan ma'ajiya, katin memori kuwa ba a yi shi don haka ba. Ka sa SSD. Kada ka taɓa zare wuta sai ka rubuta stop ta gama adanawa. Kuma kowane dare a kwafe jakar duniyar zuwa filas, lokaci lokaci ka ɗauki kwafi ka kai wata na'urar daban. Yanzu nawa da asuba yake yi da kansa.

Injiniya (Riyad):
Allah ya mayar da alheri Abu Yasir. Wannan ya kawo mu matsala ta uku, sarƙewa, wadda Ɗalibi ma ya taɓo. Sabar tana lissafa duniyar sau 20 a kowace daƙiƙa, kuma mafi yawan aikin a kan zuciya ɗaya ta furosesa yake, ko da tana da huɗu. In lissafi ɗaya ya wuce lokacinsa sai komai ya ja baya, shi ne dutsen da aka fasa ke dawowa. Abin da ya fi cin ƙarfi shi ne ƙirƙirar sabuwar ƙasa lokacin da yaro ya shiga inda ba a taɓa takawa ba. Maganinsa Chunky. Ka ɗora shi a kan Paper, ka ce ya ƙirƙiri ƙasar tubali dubu biyu ko uku ta kowace fuska, ka bar shi ya kwana yana yi ba kowa a ciki, sannan ka sa iyakar duniya a daidai nan. Yara shida ba za su cinye wannan filin ba.

Sai fayil ɗin server.properties. Za ka tarar da view-distance a kan 10, mayar da shi 6. Simulation-distance ka sa 4. RAM kuma kada ka bai wa Java duka takwas ɗin, huɗu zuwa biyar ya isa, sauran na tsarin ne. Ka tabbatar OS ɗin mai 64-bit ne kuma Lite, marar tebur, don ba allo za ka haɗa mata ba. Daga Minecraft 1.20.5 zuwa jerin 1.21 Java 21 ake buƙata, wanda ke kan tsohon tsarin Debian 12 kuwa 17 zai tarar a rumbu, sai ya ɗauko Temurin. Ka haɗa ta da rauta da kebul, ka bar wayifai.

Zafi kuma, Pi tana fara rage gudunta da kanta in ta kai digiri 80. Rubuta vcgencmd measure_temp lokacin da suke wasa ka gani. Pi 5 ba fanka a ƙasar nan wahala ce, ka sayi Active Cooler ɗinta. Wace caja kake amfani da ita?

Baban Amira (Jidda):
Cajar tsohuwar wayata ce. Fanka kuma babu. Na duba yanzu yaron yana ciki, 82 take nunawa. Lambar rautar ma da 100.72 ta fara, kamar yadda ka faɗa.

Injiniya (Riyad):
To ka ga biyu sun fito. Cajar ma canza ta. Pi 5 tana son volt 5 amfiya 5, wato tata ta asali mai wat 27. In ta ga cajar ba ta kai ba sai ta takaita wutar da take bai wa ramukan USB zuwa miliamfiya 600, SSD ɗin da za ka sa ya riƙa ɗaukewa. Kada wat 27 ɗin ya tsorata ka, iyaka ce kawai. In ka ƙaddara tana shan wat 6 dare da rana, a wata kilowat-awa 4 da ɗan kai ne. A halala 18 kowane kilowat-awa, ko an haɗa da haraji bai cika riyal ɗaya ba.

Baban Khalil (Dammam):
Wani abu da ba a ambata ba. Ko da Tailscale ne, ka kunna white-list, wato jerin waɗanda aka yarda su shiga, ka rubuta sunayen yaran ɗaya bayan ɗaya. Masu shiga ta Floodgate sunansu yana zuwa da ɗigo a gaba, da umarnin fwhitelist ake ƙara su. Kuma za ka ga masu cewa ka mayar da online-mode zuwa false don waɗanda ba su sayi wasan ba su shiga. Kada ka yi. Da ka kashe shi kowa zai iya rubuta sunan ɗanka, ko naka mai iko da sabar, ya shigo a matsayinka. Akwai masu bin intanet lamba lamba suna neman ƙofa 25565 a buɗe, ba don komai ba sai su rushe ginin mutane.

Ɗalibi (Madina):
To ai nan ne matsalar na Kano. In iyayensu ba za su iya sayen wasan da kuɗin waje ba fa? Akwai Luanti, wanda a da ake kira Minetest kafin a canza masa suna a 2024. Kyauta ne gaba ɗaya, ba shi da nauyi, ko Pi 4 tana ɗaukarsa cikin sauƙi, a ƙofa 30000 yake. In aka ɗora masa VoxeLibre ya yi kama da Minecraft sosai, kuma yana tafiya a ƙananan wayoyin Android.

Baban Amira (Jidda):
Na duba shi ƙanena, ya burge ni. Sai dai ba shi da manhaja ta asali a iPad, nawa biyu kuma iPad gare su. Na Kano su biyu ne, waya ɗaya za su riƙa karɓa karɓa, na gaya wa Yaya ni zan biya musu na wayar. Abin da nake tunani shi ne nisa. Daga Kano zuwa Jidda ba zai yi jinkiri da yawa ba?

Injiniya (Riyad):
Zai yi, don hanyar galibi ta Turai take zagayawa kafin ta sauko. A wasan harbi da ya dame su, a gini kuwa da kyar za su lura. In sun haɗu ka rubuta tailscale ping da lambar da Tailscale ya bai wa wayarsu, zai nuna maka ko kai tsaye kuke ko ta tashar tsakiya ake bi da ku.

Baban Amira (Jidda):
Jama'a na dawo da rahoto bayan kwana tara. Na je titin Khalid bin Walid na sayo SSD, cajar da fankar kuma na yi odarsu ta intanet. Na sake ɗora komai daga farko, Paper da Geyser da Floodgate da CoreProtect, Chunky ya kwana biyu yana aiki. Zafin yanzu bai wuce 60 ba ko suna ciki. Na Makka sun shiga tun daren Talata. Mijin ƙanwata ya ɗan sha wahalar Tailscale, sai da muka yi ta waya mataki mataki.

Lokaci ne ya ba mu aiki fiye da na'urar. Muna gaban Kano da awa biyu, hutunmu Juma'a da Asabar, nasu Asabar da Lahadi, kuma Asabar ɗin suna Islamiyya. Muka tsayar da Juma'a: huɗu da rabi namu bayan La'asar, biyu da rabi nasu bayan an sauko daga masallaci, su tashi su yi La'asar ɗinsu a tsakiya, a rufe kafin Magaribarmu. Jiya aka yi na farko, su bakwai har da ni. Sau biyu wayar Kano ta yanke, suka dawo. Babban ɗan Yaya ya ce Dutsen Dala za a fara tarawa a tsakiyar gari, Amira ta ce ita teku take so a gabas da shi, aka yi ta ja, a ƙarshe aka bar mata tafki.

Kawu, haddar Alhamis an bayar kafin a kunna. Maman Sadik, don Allah ki tambayar min maigidan yadda ya sa tasa take bin lokacin salla, don nawa a kan agogo tsayayye na sa shi, Magariba kuwa tana matsawa.

Maman Sadik (Jidda):
Ma sha Allah, barka. Ya ce shi ma da hannu yake gyarawa duk bayan sati biyu, yana duba jadawalin Ummul Ƙura. Yana dawam, wato wurin aiki, yanzu, in ya dawo zai turo maka layukan da ya rubuta.

Abu Yasir (Makka):
Baban Amira, kwafin fa? Ka gwada mayar da shi ka ga yana buɗewa?

Baban Amira (Jidda):
Yana kwafewa kowace asuba, amma ban gwada mayarwa ba. Yau da daddare in sun yi barci zan gwada a laftof, in sha Allahu.